Daga bangon fada zuwa fuskar waya: Yadda ake ƙera alamomin hira ga 'yan kallon kai-tsaye a Maraɗi

Bayan sallar isha'i, idan zafi ya ɗan lafa a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo da Bagalam a birnin Maraɗi, matasa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a hura gawayi, a ɗora butar shayi. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru a zaman: waya a jingine da robar sukari, wani yana magana kai-tsaye a TikTok ko Facebook, saƙonnin 'yan kallo kuma na gudu a ƙasan hoton kamar gulbi a watan Agusta.

Wanda ya tsaya rubuta jimla guda, kafin ya gama an wuce maganar. Shi ya sa mafi yawan abin da ake turawa ƙananan hotuna ne: fuska mai hawayen dariya, wuta, tafi, fure.

Sai dai waɗannan hotuna na kowa da kowa ne. Da su ake dariya a Tokyo, da su ake yi a Tibiri. Mai gabatar da shirin da ke son mabiyansa su ji cewa zaurensu daban yake, yakan nemi alamomi nasa na kansa, waɗanda sai ɗan gida ke gane ma'anarsu.

Aikin ƙarami ne a ido, domin hoton bai kai farcen ɗan yatsa ba. Amma mai yin sa a Maraɗi sai ya warware abubuwa da dama: me zai zana, da wace Hausa zai rubuta, ta ina kuɗi za su shigo, kuma fuskar wa yake da iznin ɗauka.

Asalin abin

A shekarar 1999 wani ma'aikacin kamfanin sadarwa na NTT DoCoMo a Japan, Shigetaka Kurita, ya zana ƙananan hotuna 176 domin saƙon waya. Suna cikin na farko-farko a abin da yau ake kira imoji. A 2010 ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffan da kwamfuta da waya ke ganewa, ta shigar da imoji cikin kundinta, daga nan suka bazu a duniya.

Alamar da ta keɓanta ga tasha guda kuwa ta yi ƙarfi ne a Twitch, dandalin kallon wasannin bidiyo kai-tsaye da aka buɗe a 2011, wanda Amazon ya saya a 2014. A can, wanda ya biya kuɗin wata ga tashar da yake so yana samun damar amfani da alamomin tashar. Mafi shahara a dandalin, Kappa, fuskar wani tsohon ma'aikacin kamfanin ce, kuma ana tura ta ne idan magana gatse ce.

YouTube ma na ba masu tasha damar ɗora wa mambobinsu masu biya irin waɗannan alamomi. A watan Mayun 2022 TikTok ya bi sahu da tsarin biyan kuɗin wata ga masu shirin kai-tsaye, wanda ya haɗa da alamomin da mai shirin ya tsara da kansa. Sharaɗin da aka fara da shi shi ne shekara 18 da mabiya aƙalla 1,000.

A ƙasar Hausa kuwa, ƙofar da ta fi faɗi ita ce WhatsApp, wanda ya fito da sitika a watan Oktoban 2018. Ba a biyan ko dala, ba a neman yawan mabiya, kuma duk wanda aka tura wa sitika yana iya ajiye ta ya tura gaba. Fuskokin 'yan wasan barkwanci na Kannywood, irin su marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, sun daɗe suna yawo ta wannan hanya da 'yar gajeriyar Hausa a ƙasansu. Don haka ga mai shiri a Maraɗi, alamar hira takan rayu ne a wuri biyu: cikin shirin kansa idan dandalin ya ba da dama, da zauren WhatsApp ko Telegram inda mabiya ke ci gaba da hira bayan an rufe.

Fada ta koma waya

Matasan Nijar sun san amfanin tambari tun kafin intanet. Tun shekarun 1990, lokacin da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, al'adar fada ta bazu a birane: abokai su zaɓi wurin zama, su raɗa masa suna, su rubuta sunan da fenti a bango, wani lokaci har da zane. Wata masaniyar halayyar al'umma, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi sukutum a kan fadodin Nijar a 2019.

Zanen bangon yana gaya wa mai wucewa cewa nan akwai masu wuri. Aikin da alamar hira ke yi ke nan a zauren kai-tsaye. Idan mutum ɗari suka tura hoto iri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar amshi ne a dandali, kuma baƙo yana gani ya san ya shigo cikin mutanen da suka saba da juna.

Wannan ya fi nauyi ga 'yan ci-rani. 'Yan jihar Maraɗi na warwatse a Libiya da Aljeriya, da Legas da Abijan da Akara, da Saudiyya. Idan ƙarfe tara ta yi a Maraɗi, goma ce a Tarabulus, sha ɗaya a Makka, takwas a Abijan. Wani ya taso daga aikin gini, wani yana gadi, wani ba ya son a ji muryarsa a ɗakin da suke kwana su goma. Danna hoto ɗaya ya ishe shi ya ce yana nan.

Akwai kuma batun karatu. Alƙaluman Bankin Duniya na nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Wanda rubutu ke yi wa wuya yakan dogara da saƙon murya, amma a hirar kai-tsaye ba a tura murya. Hoto shi ne bakinsa.

Abin da ke shiga cikin farce

Dokar farko ta wannan sana'a ita ce ƙanƙanta. Twitch na nuna alama a girma uku, fiksel 112 da 56 da 28 a kowane gefe, kuma ƙaramin shi ne wanda ake gani cikin hira. YouTube na ba da shawarar fiksel 48. Sitikar WhatsApp ta fi su sarari: fiksel 512 a kowane gefe, nauyinta kada ya wuce kilobait 100, kuma kunshi ɗaya na ɗaukar sitika 3 zuwa 30.

A irin wannan ƙunci, ado yakan zama cikas. Ɗauki hawan sallah a Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa a wajejen 1836 bayan yaƙin Gawakuke, inda fadar Sarkin Gobir take, tafiyar 'yan mintuna daga Maraɗi. Doki da kayan adonsa da mahayi da rawani abin kallo ne a bidiyo, amma idan aka matse su cikin fiksel 28 sai su zama ɗigon launi. Abin da zai fita shi ne abu guda mai siffa bayyananna, kamar kumburarrun kumatun mai busa algaita, wanda kowa zai gane a matsayin murna ko kirari.

Haka abin yake ga Jiratawa, a gundumar Madarunfa kudu da birni, inda ake noman rani a filin ban-ruwa na kimanin hekta 500 tun farkon shekarun 1980, garin kuma ya yi suna da zogale. Ganyen zogale ƙanana ne, reshe guda a ƙaramin hoto kore ne kawai marar fasali. Kwano cike da kwaɗo, da hannu a kansa, ya fi saurin isar da saƙo.

Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har a kasuwannin Turai, ta fi sauƙin zane, domin launinta kaɗai ya bambanta ta da akuyar da ke cikin imojin waya. Takobin kokowa ma haka. Tun 1975 ake gasar takobin ƙasa a Nijar, ɗan Maraɗi Yakuba Ango Kantu ne ya fara lashe ta, kuma sunansa filin kokowar birnin ke ɗauke da shi. A zauren masu son kokowa, takobi a ɗage ba ya buƙatar bayani.

Masu zane da suka ƙware kan bi matakai kusan iri ɗaya. Sukan fara da sauraron shirin na kwanaki, su ga wace kalma mai shirin ke yawan maimaitawa da abin da ke sa mabiya dariya, domin alamar da ba ta fito daga hirar ba, ba wanda zai taɓa ta. Sukan ware wa kowane yanayi hoto ɗaya: gaisuwa, dariya, mamaki, ƙin yarda, addu'a, sai da safe. Sukan yi layi mai kauri da launi biyu ko uku, su cire bayan hoton ya zama fayau, su zagaye shi da farin layi don ya fito ko fuskar wayar fara ce ko baƙa. WhatsApp da kansa na ba da shawarar wannan farin layi.

Ba sai da kwamfuta ba. Manhajoji irin su ibisPaint da PicsArt da Canva da Sticker.ly na aiki a waya. Gwajin ƙarshe kuma shi ne a tura hoton zuwa ƙaramar Itel ko Tecno mai tsagaggen gilashi, a miƙa wa wanda bai san labarin ba. Idan ya tsaya yana ƙanƙance ido, aiki bai yi ba.

Sannu ko sannou?

Alama da yawa na ɗauke da kalma ɗaya ko biyu, kuma a nan ne iyaka ke bayyana. Ɗan Maraɗi da ya yi lakwal da Faransanci yakan rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: sannou, Goulbi, Djiratawa. Ɗan Jibiya ko Katsina, wanda tsakaninsu bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i ba, sannu da Gulbi da Jiratawa ya sani. Ko a rubutun hukuma akwai bambanci: Nijar na amfani da harafin ƴ, Najeriya na rubuta 'y.

Sai kuma karin harshe. A Maraɗi da Tibiri lahiya lau ake cewa, da mi, da tahi. Mai zane na iya gyara su zuwa lafiya da me da tafi domin 'yan kallon Kano, amma ya san abin da zai rasa. Ga wanda ya shekara biyar a Sabha ko Tamanrasset, wannan "h" ɗin ita ce muryar gida.

Tarihi ma na da hannu a ciki. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Zauren ɗan Maraɗi da wuya ya rasa Katsinawan Najeriya, kuma alamar da za ta yi aiki sai ta karantu a ɓangarorin biyu.

Wani amfani da sitika ke da shi shi ne, hoto ce, ba rubutu ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda wasu wayoyi ke mayarwa akwati, suna isa yadda aka zana su. Ajami ma haka. Matsalar tana wurin mai zane: yawancin salon haruffa masu ado da ke cikin manhajoji ba su da waɗannan haruffa, sai ya ƙara lanƙwasar da hannu. In ya yi kasala, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Matashi na iya ganin kalma a sitika sau ɗari kafin ya gan ta sau ɗaya a littafi, kuma yadda ya gan ta haka zai rubuta.

Ina kuɗin suke?

A Amurka da Turai, zanen alamomin hira sana'a ce da ake ci da ita, domin alamar na jawo masu biyan kuɗin wata. An gina tsarin ne a kan katin banki: ɗan kallo ya biya ta Google Play ko App Store, waɗanda kan cire kasonsu da ke iya kaiwa kashi 30 cikin 100, dandalin ya cire nasa, saura ya isa ga mai shiri.

A Maraɗi kowane mataki na da tangarɗa. Matasa kaɗan ne ke da katin da ke biya a intanet. Shirin raba kuɗi na YouTube na aiki a Najeriya da Ghana da Senegal, amma ƙasashen Afirka da dama ba sa cikinsa. PayPal, wanda dandali da yawa ke biya ta cikinsa, a ƙasashen yankin da dama tura kuɗi kawai yake yi, ba ya karɓa. Wanda ya buɗe asusu da sunan ɗan'uwa a waje kuwa, ya sa dukiyarsa da mabiyansa a hannun wani.

Kyautukan TikTok ma ba duka ke isa ba. Fure sulalla ɗaya ne, zaki 29,999, amma abin da ɗan kallo ya kashe ba shi mai shiri ke karɓa ba. A watan Oktoban 2022 wani binciken BBC kan iyalan Siriya masu bara kai-tsaye daga sansanoni ya gano cewa kason da dandalin ke riƙewa na iya kaiwa kashi 70 cikin 100, ko da yake kamfanin ya ce abin da yake ɗauka bai kai haka ba.

Hanyar da ta fi dacewa da yanayin gari ita ce wadda aka riga aka sani: Nita da Amana da Al Izza da Airtel Money, waɗanda 'yan ci-rani da 'yan kasuwa ke aika kuɗi da su. Mai shiri ya biya mai zane kai-tsaye, mabiya su tallafa wa mai shiri kai-tsaye.

Sai dai sitikar WhatsApp ba ta da makulli. Da zarar ta fita, ta zama ta kowa. Don haka mai zane ba zai sayar da ita sau biyu ba, kuɗin aikinsa na farko shi ne nasa. Abin da ya rage masa shi ne ya sa sunansa a kan kunshin da ɗan sa-hannu a gefen hoton, ya kuma yi magana a fili tun farko: hoto nawa, gyara sau nawa, kuma wa ke da ikon buga zanen a riga ko hula idan ya karɓu.

Fuskar wa?

Sitika mafi sauƙin yi ita ce mafi haɗari: a tsayar da bidiyo, a yanko fuskar mutum a lokacin da ya buɗe baki ko ya zare ido, a rubuta kalma a ƙasa. Minti biyu ya isa. Amma fuskar tana da mai ita.

Yarinyar da aka ɗauka tana rawa a bikin ƙawarta, ko dattijon da aka ɗauka yana gyangyaɗi a kasuwa, ba su san za su zama abin dariyar dubban mutane ba. A gari irin Maraɗi, inda kowa ya san gidan su kowa, irin wannan hoto na iya kaiwa ga surukai kafin ya kai ga mai shi, kuma ba a iya janye shi.

Ko fuskar da aka ɗauka da izni tana iya zama kaya. A watan Janairun 2021 Twitch ya cire PogChamp, ɗaya daga cikin alamominsa mafi farin jini, saboda kalaman da mai fuskar ya wallafa kan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu zane da yawa suka fi son dabba ko zanen barkwanci.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya yi hakan ta hanyar sadarwar zamani. A Kano kuwa, a watan Nuwamban 2022 wata kotu ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu na kwana 30, kan bidiyon barkwanci da suka yi game da gwamnan jihar na lokacin.

Akwai kuma iyakar da al'ada ta shata. Wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, ya ba Bagobiri da Bazabarme, ko Bafulatani da Babarbare, damar tsokanar juna ba tare da faɗa ba. Amma wasan yana da masu shi. Sitikar da ke tsokanar tsagar Gobirawa abin dariya ce daga hannun taubashi, daga hannun wanda ba ya cikin wasan kuma zagi ce, alhali sitika ba ta zaɓar hannun da za ta faɗa. Haka nan ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan hoton da za a jefa tsakiyar shashanci abu ne da jama'a da yawa ba za su lamunta ba.

Gibin da ya rage

A allon imoji na waya akwai raƙumi da gyaɗa da masallaci da carbi, kuma a 2020 aka ƙara bukka da doguwar ganga. Babu goro, babu ƙwarya, babu algaita.

Wasu sun riga sun nuna hanya. A 2016 Rayouf Alhumedhi, 'yar Saudiyya mai shekara 15 da ke zaune a Jamus, ta rubuta wa Unicode buƙatar imojin mace mai ɗankwali, kuma a 2017 ya fito. A 2018 wani ɗalibin zane a Abijan, O'Plérou Grebet, ya ɗauki alƙawarin zana alama ɗaya kowace rana har shekara ta ƙare, daga abinci zuwa yanayin fuska irin na mutanen ƙasarsa. Ya kira aikin Zouzoukwa, wato hoto a harshen Bete, daga baya ya mayar da shi manhajar sitika.

Unicode na karɓar buƙata daga kowa, amma tana neman hujjar cewa mutane da yawa za su yi amfani da alamar, kuma hanyar kan ɗauki fiye da shekara. Kunshin sitika kuwa dare ɗaya ya isa, in akwai caji da rezo. Mai zanen da ke zaune a fada a Maraɗi yana iya gama kan jar akuya kafin a zuba shayi na uku, ya tura wa yayansa a Tarabulus ba tare da ya rubuta komai ba. Idan amsa ta dawo da dariya, gobe da daddare sai a gwada ta a zaure.